Sa hannu daban, zama doka daban

Wani labari ya ce tunda Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Roma, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, a 2001, kotunanmu za su iya hukunta laifukan yaƙi. Ba nan gizo ke saƙar ba. Sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta aiki a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, ita kuwa ta Roma har yau ba a mayar ba. Abin da ke hannu shi ne Dokar Yarjejeniyoyin Jeniba ta 1960, wato yarjejeniyoyin da suka tsara ƙa'idojin yaƙi: kisa ga wanda ya kashe fursunan yaƙi ko farar hula da gangan, ɗaurin da bai wuce shekara 14 ba ga sauran manyan laifuka. Amma wannan tanadi na yaƙi tsakanin ƙasa da ƙasa ne, bai taɓo rikicin cikin gida irin na Borno ba. Shi ya sa shari'o'in waɗanda ake zargi 'yan Boko Haram ne, da aka fara a Kainji a 2017, duk kan dokar ta'addanci aka gina su. Malam mai cewa dokar kisan kai ta wadatar, da wane sashe za ka kama kwamandan da ya san yaransa na kashe fursunoni ya kawar da kai?