Cinikin gawa a Harvard: laifin ya wuce na manajan mutuware

Abin da ya fi ba ni takaici a badaƙalar sassan jikin mamata ta makarantar likitanci ta Jami'ar Harvard shi ne yadda aka yi gaggawar rataya wa mutum ɗaya dukkan laifin, sannan jami'ar ta koma gefe tana kuka tare da waɗanda aka cuta, kamar ita ma baƙuwa ce a gidan. Duk mai bin labarai ya san zancen. A watan Yunin 2023 masu gabatar da ƙara na gwamnatin tarayyar Amurka suka tuhumi Cedric Lodge, manajan mutuwaren makarantar, da satar kawuna da ƙwaƙwalwa da fata da ƙasusuwa daga gawarwakin mutanen da suka yi wasiyya a yi karatu da jikinsu, yana kai su gidansa a jihar New Hampshire, shi da matarsa suna sayarwa. Takardun ƙarar sun nuna cewa har shigo da masu saye cikin mutuwaren yake yi su zaɓi abin da suke so, kamar a rumfar mahauta. A 2025 ya amsa laifinsa.

Shugabannin makarantar sun kira abin cin amana, kuma gaskiyarsu ne, sai dai kuma amanar a hannunsu take. Dattijuwar da ta sa hannu a takardar sadaukar da gawarta domin ɗaliban likitanci su koyi tiyata, da jami'a ta yi alkawari, kuma ba ta taɓa jin sunan wani ma'aikacin mutuware ba. Saboda haka da iyalai suka kai ƙara, jami'ar ta fake da dokar ba da kyautar sassan jiki, wadda take kare duk wanda ya yi aiki da kyakkyawar niyya, wani alƙali kuma ya yi watsi da ƙarar a Fabrairun 2024, na ga an juya dokar a baibai. An yi wannan kariya ne domin kada tsoron shari'a ya hana asibitoci karɓar kyautar jiki. Mayar da ita garkuwar sakaci wulaƙanta masu kyautar ne karo na biyu. Madalla da kotun ƙolin jihar Massachusetts, inda Harvard take, da ta soke wancan hukunci a Oktoban 2025, ta ce a ci gaba da sauraron iyalan.

Masu kare jami'ar suna cewa wake ɗaya ne ya ɓata gari. To, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tuhumar ta ce satar ta fara tun 2018, ba a kori mutumin ba sai a 2023, kuma hukumomin tsaro ne suka bankaɗo ta, jami'ar tana barci. Ta yaya kan mutum zai fita daga gini ba a rubuta ba, baƙi su shiga ɗakin gawa babu wanda ya tambaye su, a shafe shekaru a haka? Jami'ar da take ƙididdige kowane littafi a ɗakin karatunta, take bin diddigin kowace dala ta kuɗin bincike, ita ce ta kasa sanin ko gawar da aka tura a ƙona cikakkiya ce. Ina ganin dalilin a fili yake: littafi yana da farashi a takardar kasafi, gawar kyauta kuwa ta zo ne ba a biya ko sisi ba, don haka aka bar ta a ƙasan bene a hannun ma'aikacin da manyan malamai ba sa leƙawa wajensa.

Kuma wake ɗin ba ɗaya ba ne. A 2004 an kama daraktan shirin karɓar gawa na Jami'ar California da ke Los Angeles bisa sayar da sassan jiki. A shekarar ce aka gano cewa gawarwakin da aka ba Jami'ar Tulane sun ƙare a hannun sojoji, aka gwada nakiyoyi a kansu. A Faransa, a 2019 mujallar L'Express ta fallasa yadda gawarwaki suke ruɓewa a cibiyar Jami'ar Paris-Descartes, har aka rufe ta. A 2024 kuma binciken tashar NBC ta Amurka ya nuna yadda wata cibiyar likitanci ta Jami'ar North Texas take karɓar gawarwakin da aka ce ba su da mai su, tana ba da hayar sassansu, alhali wasu iyalan suna nan suna neman 'yan'uwansu. Duk lokacin da haka ta faru, sai a kori mutum ɗaya ko biyu, a kafa kwamiti, a jira duniya ta manta.

Akwai wani abu a shari'ar Lodge da ya kamata ya tayar wa Amurkawa hankali. Laifin da aka kama shi da shi na tsallaka iyakar jiha da kayan sata ne, irin tuhumar da ake yi wa ɓarawon kayan shago. Amurka tana sa ido sosai a kan ƙoda da zuciyar da za a dasa wa maras lafiya, amma cinikin sassan gawa domin koyarwa da bincike an bar shi kusan babu mai tsawatarwa a matakin tarayya, kamar yadda binciken Reuters ya nuna tun 2017. Masu cewa matacce ba ya jin zafi ba su cancanci doguwar amsa ba, domin 'ya'yansa da aka miƙa wa tokar da ba su san ko ta ubansu ce duka ba suna ji. Masu tsoron cewa tsauraran dokoki za su rage yawan gawarwakin karatu kuwa, su tambayi kansu mutum nawa ne suka yage takardar wasiyyarsu bayan sun ji labarin Harvard.

Birtaniya ta bi hanyar tsaurara doka. Bayan badaƙalar asibitin yara na Alder Hey, inda aka riƙe sassan jikin yara ba da izinin iyayensu ba, ta kafa doka a 2004 da hukuma mai ba da lasisi, wadda take shiga makarantu ta duba. Abin da Amurka take buƙata ke nan: mai bincike daga waje wanda ba jami'a ce take biyan albashinsa ba, rajistar da take bin kowane sashe tun shigowarsa har fitarsa, da haƙƙin iyali na su nemi a nuna musu rajistar. Kariyar kyakkyawar niyya kuma a daina bai wa makarantar da ta kasa kawo wannan rajista gaban alƙali.