An ninka guraben karatun jinya, to wa zai koyar da ɗaliban?

Tun ranar da Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar a 2024 cewa an ƙara guraben ɗaukar ɗalibai a makarantun koyon aikin lafiya, ciki har da na jinya da ungozoma, daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara, jami'an gwamnati ba su da wata magana sai wannan. Ka tambaye su batun nas-nas da ke ficewa daga ƙasar, su jefo maka adadin gurabe. Ka ce asibitin ƙauye ba kowa, amsar dai ita ce. Abin da ba wanda ya tsaya ya faɗa mana shi ne malamai nawa aka ƙara.

Aikin jinya ba a allo ake koyonsa ba. A bakin gado ake koyonsa, a bayan wanda ya daɗe yana yi. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a babban asibitin gwamnati ya ga yadda abin yake da safe: nas ɗaya tana fama da ɗaki cike da majinyata, ga tarin ɗalibai cikin fararen kaya suna biye da ita, na baya ko hannunta ba ya hangowa. Wannan a aike shi ɗauko kati, wancan a ce ya auna zafin jiki, a tashi. Ƙarshen wata su jero littattafansu ta sa hannu cewa kowa ya iya sa ƙarin ruwa. Ba laifinta ba ne, ba ta da lokacin da za ta tsaya ta ga hannun kowa. Yanzu a wannan ɗakin ne za a ninka ɗalibai.

Su kuma ƙwararrun da ya kamata su koyar, su ne ke kan gaba wajen tafiya. Hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa da bakinta ta ce nas-nas 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku, sama da 15,000 a 2023 kaɗai. Maganin da ta kawo a Fabrairun 2024 shi ne kada a tantance takardun mai son fita aiki waje sai ya yi aikin shekara biyu, matakin da ya fito da nas-nas zanga-zanga a Abuja da Legas. Wato a tsare sabon shiga a bakin ƙofa, a bar gwani ya wuce. Mu horar, Ingila da Saudiyya su kwashe: kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Ana ta cewa kuɗi ne ke korar su. Gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba. A nan, nas in ta ƙware, ladanta shi ne a ɗauke ta daga wurin majinyata a ba ta ofis da rajistar masu zuwa aiki. Babu wani matakin da za ta taka tana bakin gado ikonta ya ƙaru.

Amurka ta buɗe wannan mataki tun 1965, lokacin da wata nas, Loretta Ford, da wani likitan yara, Henry Silver, suka fara horar da nas-nas a Jami'ar Colorado su duba yara da kansu a yankunan da likita bai kai ba. Yau nas-nas masu irin wannan lasisi sun haura 300,000 a can. Suna duba maras lafiya, su tura shi gwaji, su gano cuta, su rubuta magani, kuma a fiye da rabin jihohin ƙasar ba sa buƙatar sa hannun likita. Hanyar ba ta da sauƙi: digirin farko, lasisin nas, digiri na biyu ko na uku a fanni guda kamar lafiyar iyali ko ta ƙwaƙwalwa, aƙalla awa 500 na aiki a gaban mai sa ido, sannan jarrabawar ƙasa. Ingila ta ba nas-nas da suka yi horo na musamman ikon rubuta kusan kowane magani tun 2006. Kada a ce sai Turawa: Botswana ta fara tun shekarun 1980, kuma nan kusa a Tamale ta Ghana, jami'ar UDS na yaye irinsu.

Ko Amurkar ma inda take tuntuɓe darasi ne gare mu. Makarantunta na mayar da dubban masu neman gurbi da suka cancanta duk shekara saboda ƙarancin malamai, kuma ana kokawa da makarantun intanet da ke barin ɗalibi ya nemo wa kansa wanda zai koya masa aiki. Su da ke da kuɗi suna rage ɗauka in malami ya gaza. Mu muna ƙarawa muna tafi.

Wasu likitoci za su ce wannan buɗe ƙofa ce ga 'yan gada-gada. Da alama sun daɗe ba su je ƙauye ba. A asibitin sha-ka-tafi, nas ko jami'in lafiya na al'umma shi ne ake kira likita. Shi ake tasa da tsakar dare in yaro ya shiɗe da zazzaɓi, shi ke yanke shawara kan mai ciki da ke jijjiga alhali babban asibiti na da nisan awa biyu kan hanya marar kyau. Yana rubuta magani yau, zai rubuta gobe. Gwamnati ma ta amince da hakan a fakaice da manufar raba ayyuka ta 2014, wadda ta ba irin waɗannan ma'aikata damar yin wasu ayyukan da a da sai likita. Abin da aka hana shi kawai shi ne cikakken horo da kariyar doka. In ya kasa, mai kemis na bakin kasuwa na jira, shi kuwa ba ya tambayar kowa izini.

Tushen yana nan. Muna da kwasa-kwasan ƙwarewa na bayan kammala karatu a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, da na ido da na kunne a Kaduna. Abin da ya rage shi ne majalisa ta yi doka ta samar da wannan mataki, jami'o'i kamar Bayero da Ahmadu Bello su buɗe digiri na biyu da za a yi a bakin gado, a kuma biya nas ɗin da ke koyar da ɗalibai alawus na daban. Kafin nan, duk makarantar da ta nemi ƙarin gurabe, a fara ce mata ta kawo sunayen malamanta, a je a ƙirga su ido da ido, don wasu daga cikin sunayen da ke takarda tuni masu su suna aikin dare a Manchester.