Ƙawancen tsaron ƙasa ko na kare kujera?

Tun da sojojin da ke mulki a Yamai suka sanar, a ƙarshen watan Maris na 2025, cewa Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi, wato MNJTF, nake kasa kunne in ji ko wani cikin masu yi musu tafi a Facebook zai ce uffan kan abin da matakin zai jawo wa mutumin Diffa da na Damasak. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Abin da ake ta yayatawa shi ne rundunar sojoji 5,000 ta ƙawancen AES na Mali da Burkina Faso da Nijar, da sabon fasfo, da sabuwar tuta. Ka tambayi wa zai bi sawun 'yan ta'adda idan suka tsallaka iyaka, a ce maka diyauci. Ka tambayi wa zai biya kuɗin man jirgin yaƙi, a sake ce maka diyauci. Ka ƙara tambaya ta uku, ka zama ɗan koren Faransa.

Hujjar da Yamai ta bayar ita ce tana so ta mayar da hankali kan tsare wuraren haƙar mai. Babu mai musun cewa rijiyoyin Agadem da bututun da ya kusa kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin suna buƙatar masu gadi. Amma kowa ya san tsamar da ke ƙasa. A watan Disamba na 2024 shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya fito a talabijin, da harshen Hausa, ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don hargitsa ƙasarsa, Abuja kuma ta musanta. Wata uku bayan nan aka bar rundunar. Fushi ne tsakanin fadoji biyu, aka sauke shi a kan mazauna bakin tafki.

Wanda bai san yankin ba ne kawai zai ɗauki wannan ƙaramin abu. Kogin Komadugu Yobe ne ya raba Nijar da Najeriya a wannan ɓangare, kogin da idan rani ya yi akwai wuraren da mutum zai naɗe wando ya tsallaka da ƙafa. Mayaƙin Boko Haram ko na ISWAP ya kai hari a wannan gaɓa da asuba, kafin hantsi yana waccan gaɓa, ya shiga wata ƙasa. Sojan da ke bin sa kuwa dole ya ja birki a bakin ruwa, sai fa in akwai yarjejeniyar da ta ba shi damar tsallakawa, da lambar wayar kwamandan da ke ɗaya gefen. Wannan shi ne amfanin MNJTF, duk da tarin gazawarta: hedikwata ɗaya a N'Djamena, sassa huɗu a Mora da Baga-Sola da Monguno da Diffa, da musayar bayanan sirri. A watan Maris na 2015 sojojin Nijar da na Chadi ne suka ƙwato Damasak, garin Najeriya, daga hannun Boko Haram. A watan Yuni na 2016 da aka afka wa Bosso aka kashe sojojin Nijar fiye da 20, dakarun Chadi ne suka garzayo. A lokacin babu wanda ya ce an taka diyaucinsa. Sojojin Nijar suna nan a Diffa har yanzu, gaskiya ne, amma kowa yanzu yana yaƙinsa a cikin zanen taswirarsa, abokin gaba kuwa bai san da wani zane ba.

To bari mu duba ƙawancen da aka ce ya maye gurbin komai. An sa hannu kan Yarjejeniyar Liptako-Gourma ranar 16 ga Satumba, 2023, kuma sashe na 6 ya ce hari a kan ɗaya hari ne a kan duka. Kalma mai daɗi. Sai dai a tuna abin da ya haife ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da ya kifar da Mohamed Bazoum, ECOWAS ta ba da wa'adin kwana bakwai, Bamako da Wagadugu suka ce duk wanda ya taɓa Yamai ya shelanta musu yaƙi. Ke nan abokin gaba na farko da wannan ƙawance ya sa a ransa maƙwabta ne masu neman a mayar da zaɓaɓɓen shugaba. An zaɓi 'yan ƙungiyar ne bisa kakin da shugabanninsu ke sanye da shi. Da bisa taswirar yaƙin aka yi zaɓin, da Benin da Togo da Kwaddibuwa suna ciki, tunda JNIM, ƙungiyar 'yan ta'adda mai alaƙa da Al-Ƙa'ida, ta daɗe da kutsawa arewacinsu, da Najeriya ma tana ciki, tunda iyakarta da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500 kuma Lakurawa suna kai-komo a kanta kamar gonar gado.

Ban ce ƙasashen uku ba su taɓa agaza wa juna ba. Sun yi hare-haren sama tare, sun tallafa wa juna da kaya. Amma lissafi ba ya jin waƙar yabo. Faɗin ƙasashen nan ya haura murabba'in kilomita miliyan 2.7. Raba wannan da sojoji 5,000, kowane soja ɗaya zai tashi da sama da murabba'in kilomita 500. Kuma waɗannan sojoji ba daga sama za su faɗo ba, daga rundunonin da tuni aka yi wa yawa za a tsakuro su. A watan Yuli na 2024 a Tinzaouaten, waɗanda suka mutu kafaɗa da kafaɗa da sojojin Mali 'yan Wagner ne, sojojin hayar Rasha. Wata guda bayan nan aka yi kisan kiyashin Barsalogho a Burkina Faso, inda aka buɗe wuta kan farar hula da aka sa haƙa ramukan kariya. A watan Satumba aka kai hari filin jirgin saman Bamako kanta.

Abin da ya fi tona asirin wannan tunani shi ne takunkumin mai da JNIM ta ƙaƙaba wa Mali daga Satumban 2025. Ba su buƙaci kama birni ba. Sun tsaya ne a kan hanyoyin da ke shigowa daga Senegal da Kwaddibuwa suna cinna wa tankokin mai wuta, har ta kai gwamnati ta rufe makarantu na mako biyu don babu man zirga-zirga. Ƙasashen AES uku babu mai bakin teku ko ɗaya. Maƙogwaron Bamako yana Dakar da Abidjan, na Wagadugu da Yamai yana Lome da Kwatano. Duk waɗannan biranen ƙasashen ECOWAS ne, ƙungiyar da aka fice daga cikinta a watan Janairu na 2025 ana kiɗa ana rawa.

Masu cewa a koma ECOWAS kawai komai ya daidaita, su ma barci suke. Ƙungiyar tana da yarjejeniyar taimakon juna a fannin tsaro tun 1981, wadda aka sa wa hannu a Freetown. Ina take a 2012 da arewacin Mali ya faɗi, har sai da Faransa ta shigo a Janairun 2013? Ina take a 2014 da Boko Haram ta kafa tuta a Gwoza? Ranar da aka ga ta yi zumbur ta umarci a tada rundunar ko-ta-kwana ita ce 10 ga Agusta, 2023, don an taɓa kujerar shugaba. Najeriya har wutar lantarki ta yanke wa Nijar, talaka ya kwana a duhu. Wannan ne ya ba sojojin Yamai tafin da suke ci har yau. Ɓangarorin biyu cuta ɗaya ke damunsu: kujera ce ke tada su tsaye, gawar manomi ba ta tada kowa.

Sai batun baƙi. An kori sojojin Faransa, Amurka ta kwashe nata daga sansanin Agadez a 2024, kuma ni ban zubar da hawaye ba, don shekarun da suka yi ba su kawo zaman lafiya ba. Amma zanen aro ba ya rufe katara, ko daga Paris aka aro shi ko daga Mosko. Wagner ta tafi daga Mali a watan Yuni na 2025, Africa Corps ta ma'aikatar tsaron Rasha ta gaje ta. Jirage marasa matuƙa na Turkiyya ne. Wanda ke ganin Rasha ba ta saɓa alkawari ya tambayi Armeniya, wadda ke cikin ƙawancen tsaro na CSTO da Mosko ke jagoranta. Da Azabaijan ta kai mata hari a Satumban 2022 ta nemi ɗauki, abin da ta samu tawagar duba halin da ake ciki ce, a 2024 ta jingine shiga harkokin ƙungiyar. Ko Turai mai arziki, wadda wasu ƙasashenta ke cikin NATO tun 1949, ta ji a jikinta a watan Maris na 2025 da Donald Trump ya dakatar da makamai da bayanan sirri ga Yukiren na wasu kwanaki. Kusan kashi biyu cikin uku na makaman da ƙasashen NATO na Turai suka shigo da su tsakanin 2020 da 2024 daga Amurka suka fito. Idan masu masana'antun ƙera jirage suna cikin wannan fargaba, me za a ce da mai sayen harsashi da bashi ko da zinare?

Tarayyar Afirka kuwa ba sai an daɗe a kanta ba. Kwame Nkrumah ya nemi rundunar nahiya guda tun 1963 a Addis Ababa, aka watsa masa ƙasa a ido. Alkawarin kawo ƙarshen ƙarar bindiga a 2020 an ɗage shi zuwa 2030, kuma babban abin murnarta a Disamban 2023 shi ne ƙuduri mai lamba 2719 na Kwamitin Sulhu, wanda ya ce Majalisar Ɗinkin Duniya za ta iya ɗaukar har kashi 75 cikin 100 na kuɗin ayyukan sojan Tarayyar Afirka.

Abin yi ba ɓoyayye ba ne. A raba rigimar zaɓe da maganar yaƙi. Ya kamata Nijar ta koma kujerarta a N'Djamena, in girman kai ya hana, to a ƙulla yarjejeniyar bin sawu da musayar bayanai tsakanin rundunonin biyu kai tsaye, Abuja kuma ta daina magana da Yamai kamar uba da ɗa. Hafsoshin sun san hanya. A ƙarshen Agustan 2024 Janar Christopher Musa, babban hafsan tsaron Najeriya a lokacin, ya je Yamai ya zauna da takwaransa na Nijar, Janar Moussa Salaou Barmou, suka sa hannu a takarda, Nijar ta ce a shirye take ta ci gaba da aiki sosai a cikin MNJTF. Wata bakwai kacal takardar ta yi.