Tallafin gwamnati ga talakawa wajibi ne

Wani rahoto ya kawo ra'ayin masu cewa tallafin gwamnati yana koya wa talakawa zaman kashe wando, kuma ban yarda da wannan magana ba. Da yawa daga cikin masu buƙatar tallafin yara ne da tsofaffi da naƙasassu, waɗanda ko an hana su komai ba za su iya fita neman aiki ba. Uwar da rashin lafiyar ɗanta ya tilasta mata sayar da keken ɗinkin da take ciyar da gida da shi, ba ƙyuya ce ta talauta ta ba, kuma da ta samu ɗan taimako a lokacin da take biyan kuɗin magani, da har yanzu tana ɗinki.

Abin ba sabo ba ne. Jamus ta kafa fanshon tsofaffin ma'aikata tun 1889 a zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck, wanda babu mai kiransa ɗan gurguzu. Meziko ta fara shirin Progresa a 1997, Barazil kuma ta ƙaddamar da Bolsa Família a 2003, shirye-shiryen da aka tsara don ba iyalai kuɗi, galibi a hannun iyaye mata, bisa sharaɗin cewa yara za su riƙa zuwa makaranta kuma a yi musu allurar rigakafi.

Inda masu suka suke da gaskiya shi ne batun rabon. Idan 'yan siyasa ne suke rubuta sunayen masu amfana, kuɗin kan ƙare a hannun magoya bayansu. Saboda haka ya kamata a riƙa tura kuɗin kai tsaye ga mai shi, kuma wata hukuma mai zaman kanta ta riƙa tantance rajistar duk shekara.