Baƙar leda a Tawa: a fara daga sito, a ƙyale mai tumatir

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Abin da ya sa na zauna yin wannan dogon rubutu shi ne wata tunkiya ta mahaifiyata, wadda ta yi kusan wata uku tana ramewa a gabanmu, alhali dusa da harawa ba su taɓa yankewa a kwanon cinta ba. Mun ba ta maganin tsutsar ciki har sau biyu, mun sa mata kanwa a ruwa, amma kullum cikinta a kumbure, haƙarƙarinta kuma ana iya ƙidaya su daga bakin zaure. Da muka ga za ta mutu a banza, sai muka kira mahauci. Yana tsaga tumbin ya zaro wani dunƙule mai nauyi wanda ya cika ƙaramar roba, baƙar leda ce da fara suka murɗe da juna kamar igiya, har da guntun zaren buhu a tsakiya. Ni na tsaya ina salati, shi kuwa mahaucin ko a jikinsa, ya ce da ni wannan ai abin yau da kullum ne a mahauta, dabbar cikin gari da za a buɗe a tarar da tumbinta wasai ita ce abin mamaki.

Yadda abin yake faruwa ba shi da wuyar fahimta. Akuya ko tunkiya ko saniya ta tarar da ledar da aka zuba ƙosai ko gishiri ko miya a cikinta, ƙamshin ya ja ta, ta haɗiye. Tumbin dabba mai tuƙa an yi shi ne domin ya narkar da ciyawa, leda kuwa daga man fetur ake yin ta, babu abin da ke cikin tumbi da zai iya taɓa ta. Sai ta zauna, wata ta zo ta same ta, su naɗe su cike wurin da abinci ya kamata ya zauna. Dabbar tana jin cikinta a cike, sai ta rage ci, nono ya ragu, nama ya zube, mai ita yana ta kashe kuɗi wajen magani bai san inda ciwon yake ba. A jihar da dukiyar mutane da yawa take tafiya da ƙafa huɗu, daga kasuwar Badagishiri har zuwa Abalak da Cintabaradan, wannan asara ce ta kuɗi tsantsa, kuma wanda yake biyanta sau da yawa bai taɓa sayar da leda ko ɗaya ba a rayuwarsa.

Manomi ma yana biyan nasa kason. Mun saba da kwashe bola a amalanke a kai gona a matsayin taki, kuma da can dabara ce mai kyau, domin toka ce da kashin dabbobi da ɓawon hatsi. Yanzu duk wanda ya bi gonakin da ke kewaye da gari kafin damina zai ga abin da ake zubawa, rabi taki rabi leda, kuma ledar da ta shige ƙarƙashin ƙasa tana tare ruwa da saiwar hatsi shekara da shekaru. A cikin gari kuwa, ruwan farko na damina shi ke tattara ledar rani gaba ɗaya ya cusa ta a magudanan ruwa, ruwan ya rasa hanya ya kwanta a unguwa, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa daidai lokacin da masassarar cizon sauro take cika ɗakunan shan magani da yara. Ga kuma matan da suke hura wuta da leda saboda tana kamawa da sauri, suna sunkuye a kan hayaƙinta da goyo a baya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ko suka manta, shi ne ƙasar nan tana da doka a kan wannan. Doka mai lamba 2014-63 ta ranar 5 ga watan Nuwamba 2014 ta haramta ƙerawa da shigowa da sayarwa da amfani da ma ajiye ledoji marasa kauri a duk faɗin Nijar, kuma a watan Yuni 2015 aka fitar da ƙudurin da ya fayyace yadda za a aiwatar da ita. An fi shekara goma ke nan. Wanda yake son ya san inda dokar ta kwana, ya shiga kasuwar Tawa ranar Lahadi ya sayi tumatir na dala ashirin da tattasai na dala goma da albasa na dala goma a wurin mutum ɗaya, ya ƙidaya ledojin da zai fito da su. Uku ne, kuma idan ya yi fara'a za a haɗa masa da ta huɗu babba a zuba sauran a ciki.

A ganina, dalilin da ya sa dokar ta kwanta shi ne an rubuta ta a Yamai, aka haramta kome a lokaci ɗaya, amma ba a ɗora aikin a kan wanda yake shiga kasuwa kowace safiya ba. Wanda yake shiga kasuwa kowace safiya kuwa shi ne ma'aikacin magajin gari mai yankan tikiti. Ma'aikatar magajin gari ta san kowace rumfa da kowane shago da kowane sito, domin tana karɓar haraji a wurinsu, kuma ita ce take yasar magudanan ruwa idan sun toshe. Saboda haka ita ya kamata ta ɗauki dokar ƙasa ta mai da ita ƙa'idar gari, wadda ta faɗi irin ledar da aka hana da ranar da hanin zai fara da wanda za a fara tambaya. An taɓa yin haka a maƙwabtanmu. A shekarar 2010 magajiyar garin Njamena ta hana leda a cikin birninta, kuma waɗanda suka je Cadi a shekarun da suka biyo baya sun ga bambanci a tituna. Da aka sassauta sa ido, ledar ta fara komowa, wanda shi ma darasi ne da ya kamata mu riƙe.

Inda na fi jin tsoro shi ne yadda muka saba aiwatar da irin wannan hani. Za a yi sanarwa a rediyo, a fito da mota cike da jami'ai, a shiga kasuwa a kwashe ledojin da ke gaban tsohuwa mai daddawa da yaro mai sayar da leda a hannu, a ci su tara, a ɗauki hoto. Bayan mako biyu kowa ya koma yadda yake, abin da ya ƙaru kawai shi ne wata sabuwar ƙofar karɓar na goro. Tsohuwar nan ba ta ƙera leda, ba ta kuma shigo da ita. Leda tana zuwa garin nan ne cikin manyan ɗaurori a kan motocin kaya, mafi yawanta ta hanyar Ƙonni, tana sauka a sito-sito na manyan ƴan kasuwa waɗanda ba su da yawa, kuma babu mai yankan tikitin da bai san ƙofofinsu ba. Masu sayar da kayan miya dubbai ne, babu hukumar da za ta iya tsare su, amma masu sito ana iya zaunar da su duka a ɗaki ɗaya. A kira su, a ƙidaya abin da ke hannunsu, a ba su wa'adin da za su sayar da shi, a gaya musu cewa daga rana kaza duk ɗaurin baƙar leda marar kauri da aka samu a sito za a ƙwace shi, tarar kuma ta kai yadda ribar ba za ta rufe ta ba. Ba ina cewa mutanen nan miyagu ba ne, ƴan kasuwa ne da suka bi abin da ake saye, kuma su ne za su fi kowa saurin kawo abin da zai maye gurbinsa idan suka tabbata maganar ta gaskiya ce.

Na san za a ce da ni iyakarmu da Najeriya doguwa ce, abin da aka hana a babbar hanya zai biyo babur ta daji. Haka ne, kuma Kenya ta gamu da wannan. A shekarar 2017 ta kafa hani mai tsananin gaske, da tarar da ta kai shilin miliyan 4 ko ɗaurin shekara huɗu, amma duk da haka ledar fasa-ƙwauri ta ci gaba da shigowa daga maƙwabta. Sai dai ledar da ta biyo daji a ɓoye ba za a ba da ita kyauta uku-uku a kan tumatir na dala ashirin ba, domin ta yi tsada. Nan ne ainihin maganar take. Muna watsar da leda ne saboda ba mu biya kome a kanta ba, mai kaya ya saka kuɗinta cikin farashi ba mu gani ba. Ƙasar Ailan ba ta ma hana leda ba, a shekarar 2002 ta sa harajin santi 15 na kuɗin Yuro a kan kowace leda da aka karɓa a kanti, sai amfani da ita ya faɗi da kimanin kashi 90 cikin ɗari. Mutanen can ba su fi mu hankali ba. Ranar da mai shago a Tawa ya ce leda mai kauri dala biyar ce, ta kyauta kuma babu, ranar ce uwargida za ta tuna inda ta rataye kwandonta.

Domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu saye muna da namu laifin, ni ma a ciki. Na sha ganin mutum ya sayi ashana kwali ɗaya ya tsaya yana jiran a sa masa a leda, kuma idan mai shago ya miƙo masa a hannu sai ya ji kamar an raina shi. Akwai kuma maganar sutura, wadda ba na raina ta, domin baƙar leda ta samu karɓuwa ne saboda tana rufa asiri, maƙwabci ba ya sanin ko nama ka sayo ko garin rogo. Amma jakar buhu da tela ya ɗinka tana rufa asirin fiye da haka, kuma tana shekara ana zuwa kasuwa da ita. Waɗanda suka kai shekara arba'in a cikinmu sun yi wayo sun tarar ana aiken yaro sayen mai da kwalba, ana sayen koko da kwano, ana ɗauko hura a ƙwarya da faifai a kanta, mai tsire kuma yana naɗe nama a takarda. Har yau matan karkara suna saƙa kwando da faifai da kaba, telolin kasuwa kuma suna zaune rabin yini babu aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa watannin wa'adin da za a ba masu sito su ne watannin da ya kamata ma'aikatar magajin gari ta ba ƙungiyoyin mata da teloli aikin jakunkuna, ta ware musu wuri a ƙofofin kasuwa ba tare da tikiti ba. Sai dai a yi hattara da kaba, kada a tsira daga leda a ƙare da sassabe ƴaƴan goriba, don haka ni na fi karkata ga buhunan shinkafa da na fulawa da suka riga suka shigo gari.

Ruwan leda kuwa ina ganin a ware shi daban, kada a haɗa shi da ledar cefane a rana ɗaya. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, ɗan acaba da mai tura kura da ɗalibi suna rayuwa ne da ruwan dala biyar, kuma hana shi ba tare da an samar da famfunan sha a tasha da kasuwa ba zalunci ne. Abin da za a iya yi yanzu shi ne a ɗora wa masu ƙulla ruwan nauyin tattara ledarsu, domin sunansu yana buge a jikinta, a sa sabunta izinin aikinsu ya dogara da yawan buhunan ledar da suka maido. Idan suka fara sayen ledar da aka sha da ƴan kuɗi kaɗan a kan kowane buhu, yaran da ke tsintar ƙarfe da robobi za su share tashar mota ba tare da an yi musu wa'azi ba.

Ban da haka, ban ga amfanin a ce gari gaba ɗaya zai canza a dare ɗaya ba. A fara da babbar kasuwa, a fara da baƙar leda marar kauri kawai, wadda ko gida ba ta kaiwa sai ta yage. A zauna da sarkin kasuwa da masu unguwanni da limamai tun kafin a sa hannu a takarda, kuma a ba sarkin fawa wuri na gaba a zaman, domin shi ne yake da shaidar da babu mai musanta ta. Da ni ne mai shirya taron farko, ba zan kawo takardu masu yawa ba. Zan roƙi mahauta su ajiye abin da suka ciro daga tumbunan dabbobi na mako ɗaya, a wanke, a auna a kan sikeli a gaban masu sito da dillalan dabbobi, a rubuta nauyin, sannan a maimaita awon a mako irinsa bayan shekara ɗaya da fara aiki da ƙa'idar.