Tsarabar Legas da Alhajin da Ba Ya Ƙin Tayi

Kowane Bahaushe ya san ƙa'idar tayi. Kana cin abu, wani yana kusa da kai, sai ka ce masa bismillah, shi kuma ya ce Alhamdulillahi, a ci lafiya. Kai ka fita kunya, shi ya tsira da mutuncinsa, abincinka kuma yana nan yadda yake. A kan wannan ƙa'ida na tashi, da ita kuma na dogara ranar da na ɗauko kwalin donot daga Legas zuwa Kano. Saboda haka duk wanda ya ji labarin daga bakin ƙanwar matata, ya daure ya ji nawa kafin ya yanke hukunci.

Aiki ne ya kai ni Legas. Ana gobe zan dawo sai ga saƙo a WhatsApp daga ita ƙanwar uwargidan, wadda take zaune a gidanmu tana karatun jami'a. Hoton wani kwali ne a buɗe, an jera donot goma sha biyu suna sheƙi. A ƙasa ta rubuta: "Yaya, Anti ta ce dozin ɗaya. Mai suga zalla, ban da mai cakulan, ban da mai ado. Kuma don Allah kar ka karkata kwalin." Na san Antin ba ta ce komai ba, sunanta kawai aka ara don a ɗaure ni da jijiyata. Na kira ta na ce, yanzu fisabilillahi fanke zan ɗauko tun daga Legas? Fulawa ce da yis da suga da mai, abin da matar bakin layinmu take soyawa kullum da safe ke nan, sai dai shi na Bature an huda masa ciki, wato ma an rage maka. Ta ce, "Yaya, kai dai sayo."

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Da hantsi na shiga ɗaya daga cikin shagunan Krispy Kreme, kamfanin donot ɗin nan mai rassa. Layi na tarar har kusa da ƙofa: ma'aikatan banki da kwat ɗinsu, 'yan makaranta, wata mata da goyo tana sayen kwali uku. Na tsaya ina tausaya musu a raina. To amma a gefen layin akwai gilashi, a bayan gilashin kuma ga injin yana aiki a gaban kowa. Ƙullun yana fitowa a zagaye da raminsa, ya shiga wani ɗaki mai ɗumi yana hawa yana sauka har ya kumbura, sannan ya faɗa mai yana iyo. In gefe ɗaya ya soyu, wani ƙarfe ya juya shi ba tare da hannun kowa ba. Daga nan ya hau bel ya ratsa ta ƙarƙashin narkakken suga da yake kwararowa fari fat ba yankewa, ya fito ta ɗaya ɓangaren yana walƙiya. Ban san na daɗe ina kallo ba sai da na bayana ya taɓa ni ya ce in matsa.

Na sayi dozin ɗin, na kuma sayi guda ɗaya daban. Wannan ba kwaɗayi ba ne. Magidanci na gari ba ya kai wa iyalinsa abin da bai san ɗanɗanonsa ba.

Yarinyar ta miƙo min shi a takarda, da zafinsa. Na kai baki, sai na neme shi na rasa. Ba a tauna shi, shi ne sirrin. Yis ya cika cikinsa da iska, sugan da ke jikinsa bai gama daskarewa ba, yana taɓa harshe sai ya narke ya bi maƙogwaro. Fanke mutumin kirki ne, in ka ci uku zai gaya maka ka ci, ka nemi ruwa ka tashi. Shi wannan ba ya sanar da ciki zuwansa. Ga shi ɗaya tal yana ɗauke da wajen kalori 190, amma ka rantse ba ka sa komai a bakinka ba. Tunda binciken farko bai ba da sakamako ba, dole na sake sayen wani don in tabbatar.

Kar kuma a ɗauka ni kaɗai ne mai raunin zuciya. Wannan ƙamshin tsohon jari ne a sana'ar. Vernon Rudolph, wanda ya kafa Krispy Kreme a 1937 a garin Winston-Salem na jihar North Carolina a Amurka, da farko kantunan kayan masarufi yake kai wa sari. Masu wucewa ne ƙamshi ya hana su sakat, suka yi ta tambaya ko za a sayar musu da zafinsa, har ya fasa bangon gidan ya yi taga yana miƙo musu. A 1992 suka ƙaro da jar fitila, in an kunna ta an san yanzu ake kwashewa daga mai, direba ya karya kan mota ko bai yi niyya ba.  Sai a 2018 Krispy Kreme ya iso Legas. Mutanen da suka haura shekara tamanin suna koyon yadda ake tsayar da mai wucewa, ni wane ne da zan gagare su a safiya ɗaya?

Na isa filin jirgi riƙe da kwalin da hannu biyu, a miƙe, kamar yadda aka umarce ni. Jakata ma a wuya na rataye ta. Muna zaune sai aka yi sanarwa cewa jirginmu zai yi jinkiri, ba a faɗi na tsawon wane lokaci ba, wanda duk matafiyi ya san ma'anarsa. Azahar ta yi, muka yi salla, muka dawo. Kwalin yana kan cinyata yana ta aiko da saƙo ta hanci. Sai tunani ya zo min cewa amana aka ba ni, kuma mai riƙon amana yana duba kayansa. Na ɗaga murfin. Ai kuwa na ga na kusurwa ya ɗan manne da jikin kwalin, sugansa ya tsage. Irin wannan ba ya shiga hoto. Na cire shi don kar ya ɓata sauran.

Ina kai shi baki na ji ido a kaina. Wani dattijo ne a kujerar da ke dama da ni, farin gemu, babbar riga, carbi a hannu, kamala ta ko'ina. Irin mutumin da ko ruwa ka miƙa masa sai ya ce ya gode. Hankalina kwance na ce, "Baba, bismillah."

Ya ce, "To, ɗana, ba a ƙin tayi." Ya sa carbin a aljihu, ya naɗe hannun riga.

Ya ci a natse, idonsa a rufe. Da ya gama ya tsotsi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ikon Allah. Ka san ina da ciwon suga, likita ya hana ni irin waɗannan." Na yi maza zan rufe kwalin, na ce ai kuwa Baba lafiya ta fi komai. Ya dafe murfin da yatsa ɗaya ya ce, "Likitan yana Kano." Ya ɗauki na biyu, ya ce wannan na Hajiya ne, zai kai mata ta ga abin da ake ci a Legas. Ya riƙe shi na ɗan lokaci yana dubawa, sai ya tuna ita ma Hajiyar nata sugan ya fi nasa hawa, kuma ba zai zama sanadin cutar da iyalinsa ba. Ya cece ta a gabana. Sannan ya ɗaga murya ya kira ɗan rakiyarsa da ke can yana cajin waya: "Kai, zo ka gaida yayanka, ga abin arziki ya kawo mana."

Mana!

Ɗan rakiya ya gaishe ni har ƙasa, ya ɗauki nasa. Ban gama farfaɗowa ba sai ga wani yaro ɗan kamar shekara huɗu ya zo ya tsaya a gabana, bai ce komai ba, ya dai zuba wa kwalin ido. Uwarsa daga nesa tana cewa, "Zo nan, ba na hana ka roƙo ba?" amma ko motsi ba ta yi ba. Alhaji ya dube ni ya ce, "Yara baƙin Allah ne." Na ba shi. Ya ruga, ya dawo da yayarsa.

Saura shida. Na rufe kwalin, na ɗora jakata a gefensa, na kafa ido a allon sanarwa. Na yi wa kaina lissafi cewa rabin dozin ma ai tsaraba ce, zan ce abin ya yi tsada.

Da aka kira mu na yi sallama da Alhaji, na yi masa fatan sauka lafiya, da zuciya ɗaya kuwa, don na ɗauka rabuwarmu ke nan. Na shiga jirgi na nemi kujerata. Wa zan gani a ta kusa da taga? Ya washe baki ya ce, "Allah mai haɗa mutanen kirki." Tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Muna daidaita a sama aka kawo ɗan biskit da ruwa, ya dubi biskit ɗin ya ture shi gefe. Can ya miƙo hannu ya ɗaga murfin kwalin da ke kan cinyata, ya dube ni da fara'a ya ce, "Bismillah mana, ɗana, kar ka ji kunyata." Tayi yake yi min da kayana. Ni kuma an koya min ba a mayar da hannun babba, don haka na ɗauka, shi ma ya taya ni don kar in ci ni kaɗai. Kafin mu sauka ya karɓi lambar wayata, ya ce zumunci ba ya yankewa a filin jirgi.

Huɗu a cikin kwalin goma sha biyu ba su da kyan gani. Sai yawo suke yi a ciki, ga zafin Kano ya fara sa su gumi. A nan ne basira ta zo min. Na sa mai tasi ya tsaya a wani gidan burodi, na sayi donot takwas irin namu na gida. Suna da rami, suna da zagaye, abin da ya rage sheƙi kawai. Na tsallaka wurin mai shayi na ce ya dama min suga a ruwan zafi, ya yi kauri sosai. Ya ce, "Yallaɓai, ban da ganye?" Na ce ban da ganye. "Ban da madara?" Na ce kai dai dama. Ya tsaya yana kallona ina tsoma donot a kofi ɗaya bayan ɗaya ina jerawa a kwali, mutanen da ke kan benci duk suka daina hira. Wani ya tambayi na kusa da shi a hankali ko magani ne aka ba ni.

Na isa gida bayan magariba. Ashe ƙanwar uwargida har ƙawayenta biyu ta gayyato, an share tebur, an shimfiɗa farin ƙyalle, waya tana hannunta tana ɗaukar bidiyo tun daga bakin ƙofa. Ta karɓi kwalin, sai na ga hannunta ya ɗan yi ƙasa. Ta ce, "Yaya, ya na ji shi da nauyi?" Na ce albarka ce.

Ta buɗe. Ɗakin ya yi tsit. Ruwan sugan mai shayi bai daskare ba, ya gangara ya taru a ƙasan kwalin, takwas ɗina sun jiƙe sun yi duhu sun kumbura, huɗun asali kuma suna tsakiya a takure. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Uwargida ta ɗaga ɗaya daga cikin nawa, ta auna shi a tafin hannu, ta ajiye, bai ko lotsa ba. Na fara bayani cewa iskar cikin jirgi takan canza abinci, kowa ya san haka. Sai autarmu ta leƙo ta ce, "Abba, wannan ai irin na shagon bayan makarantarmu ne."

Uwargida ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi komai tayar min da hankali. Ta ce, "Malam, ina sauran?" Na ba su labarin Alhaji tiryan-tiryan, da ciwon sugansa, da Hajiyarsa, da yaran nan baƙin Allah. Ta saurara har na gama, sannan ta miƙo hannu ta ciro wani farin ɓarɓashi daga gemuna ta nuna wa ƙanwarta. Ta ce, "Shi Alhajin a gemunka ya ci?"

Ƙanwar ta ce a ceci huɗun da suka rage, daƙiƙa takwas a na'urar ɗumama abinci za su dawo kamar yanzu aka soya. Tana zuwa kicin aka ɗauke wuta. A kasko aka ɗumama su, da murfi, a kan risho, ana haska fitilar waya. Aka yanka kowanne gida biyu, aka raba wa uwargida da ƙanwarta da ƙawaye da yara. Ina zaune a wurin, ba wanda ya ce min bismillah. Takwas ɗin kuwa aka sa min su a firji da sunana, aka ce su ne karin kumallona har su ƙare, tunda a gidan nan ba a zubar da abinci.

Washegari da safe ina fama da na farko, ina jiƙa shi a shayi ko zai yi laushi, wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba.

"Salamu alaikum, ɗana, ka tashi lafiya? Ya iyali? Na gaya wa Hajiya labarinka, ta yi ta sa maka albarka. Na ce, yaushe za ka koma Legas?"