Kafin ka ɗora samfefa a kan tsohon katakon nan

Ana ta rububin tsofaffin kayan mashigar gida na Turai, irin waɗanda aka ƙera a Denmak da Suwidin daga wajen 1950 zuwa ƙarshen shekarun 1960: siririn teburi mai durowa biyu, dogon madubi, benci da maratayin riguna. A ganina tsufa ba ya kashe kayan nan kamar yadda gyaran ganganci ke kashe su.

Don ƙananan gidaje masu matsattsen korido aka yi su, shi ya sa faɗinsu daga bango ba ya cika wuce santimita 30 zuwa 35, ƙafafu sirara, wasu ma a bango ake kafe su. Auna koridonka tukuna. In ka ajiye teburin hanyar da ta rage ba ta kai santimita 90 ba, haƙura da shi, kullum sai ya daki ƙugun wani. Maratayi kuwa, ko irin Hang-It-All da masu zana kayan ɗaki 'yan Amurka, Charles da Ray Eames, suka zana a 1953 saboda yara, mai ƙwallayen katako 14, sai an huda bangon bulo an cusa robar kusa. Kusa zalla ba ta riƙe babbar riga uku.

Ga inda ake tafka ɓarna. Yawancin kayan nan ba zallan katakon tik (teak, wani itace mai tsada) ba ne, ɓawonsa ne aka manna a kan katako mai araha, kaurinsa sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba. Dubi gefen teburin: in zanen itacen sama bai zarce zuwa gefe ba, ɓawo ne. Kafinta ya kunna injin gurza, minti biyu ya cinye shi, farin tabo ya bayyana, kuma wannan ba shi da magani. Sai ka ji ya ce a shafe da fenti. Haba malam!

Goge shi kawai da tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan, ya bushe. Shafa man katako da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, kana bin tsawon zanen itacen, kada ka gitta. Bayan minti 15 share ragowar man tas, in ba haka ba ya yi danƙo ya kwashi ƙura. Kwana ɗaya, ka maimaita. Tsumman man kuma a jiƙa shi da ruwa, don in aka dunƙule shi yana iya kamawa da wuta da kansa.

Iskar hunturu na tsotse katako, damina ta kumbura shi, a nan ɓawon ke ɗagowa. Ɗura gam ƙarƙashinsa da sirinji, shimfiɗa leda, danne da abu mai nauyi awa 24. In kuwa ka ga ƙananan ramuka da gari na zuba a ƙasan durowa, ƙwaro na ciki, kada ya kwana kusa da sauran kujerunka.